Ƙamshin Da Ba Namu Ba

'Yar ƙanwata ce ta zo mini da ƙawayenta 'yan jami'a, wai za su buɗe kasuwar shayi a intanet. Sun zaɓi suna, sun zaɓi launin gwangwani, ganyen ne kawai ba su zaɓa ba. Ɗayarsu ta ce, "Kawu, ai mixing ne kawai, ko? You just put the leaves together." Na ce ta nemi wuri ta zauna. Abin da na faɗa musu ran nan shi zan faɗa muku, ku da kuke ganin haɗa shayi kamar jiƙa garin kwaki ne.

Wannan sana'a ta zargi ce. Ba ka yarda da ganye, ba ka yarda da wanda ya aiko shi, ba ka yarda da ruwa, hancinka ma sai ka riƙa tuhumarsa. An ce zato zunubi, amma a ɗakin shayi wanda ba ya zato ciyawa zai sayar wa mutane. Na kuma san ɗacin abin ta ɗaya gefen, domin akwai shekarar da zargin ya juyo kaina, aka fitar da ni daga ɗakin da na yi furfura a ciki, saura ƙiris in rasa aikin da sunana gaba ɗaya.

Sunana Isiyaku, mutumin Fagge. Matata na biyo zuwa Manchester lokacin da ta samu aikin nas a wani asibiti a Oxford Road, ni kuma na samu aikin ɗaukar kwali a rumbun wani dattijo ɗan Chana mai suna Lam, a wani lungu bayan Stockport Road. Ulong yake sayarwa, wato ganyen shayin da shi ba kore ba, shi ba baƙi ba, an bar shi ya yi rabin nuna sannan aka tsayar da shi da wuta. Yakan shigo da shi daga ƙasarsu, ya sake gasa shi a nan, ya haɗa iri-iri, ya sayar wa gidajen abinci da gidajen shayi. Ni da na tashi a gindin teburin mai shayi, na ɗauka babu abin da za a koya mini. Ranar da ya fara miƙo mini wani ɗan kofi kamar murfin kwalba, na tambaye shi ina suga. Bai sake yi mini magana ba har aka tashi.

Aikin ganye na farko da ya ba ni shi ne tsintar kara. A zuba ganye a faifan gora, in zauna ina cire sanda da duk ganyen da ya yi rawaya. In na ce na gama, sai ya zo ya tona da yatsa, ya zaro wanda na bari, ya ajiye a gabana. Na daɗe a kan wannan har na fara ganin kara a cikin tuwo. Sai da ya lura ina shinshina buhu kafin in buɗe, ba tare da kowa ya sa ni ba, sannan ya bar ni na tsallaka ƙofar ɗakin wuta, inda ake gasa ganyen.

Kayan aikin ba su da yawa. Kwandon gora ne mai zurfi, da rariya a tsakiyarsa inda ganye ke kwanciya, da wutar lantarki a ƙasa. A garinsu gawayi suke binnewa cikin toka, kuma kullum Lam na ƙorafin cewa wannan ne gashi na gaskiya, amma hukumar gari ba za ta bar ka ka hura gawayi a rumbu ba. Akwai ma'aunin zafi a jikin kwandon, Lam ya ce maƙaryaci ne. Bayan hannu kake ɗorawa ka ji. Wuta kaɗan-kaɗan, ka juya ganye, ka sauke ya huce, ka mayar. Zai tashi daga warin ciyawa ya koma ƙamshin soyayyar gyaɗa, daga nan ya doshi ƙamshin ƙanzo. In ka tsaya amsa waya a wannan gaɓar, ka dawo ka tarar da gawayi. Bayan an sauke kuma ba a shan sa nan take, wutar tana nan cikinsa, tana kartar maƙogwaro. Sai an zuba shi a jakar takarda ya kwana biyu yana numfashi.

Haɗawar da kuka raina kuwa, ita ce ƙarshen karatu. Ganyen farkon shekara ƙamshi gare shi amma ba jiki, na ƙarshen shekara jiki gare shi amma hancinsa a toshe. Wanda ya sha wuta sosai shi ke ba da launi da nauyi, wanda ya sha kaɗan shi ke barin zaƙi a baki bayan ka haɗiye. Kowanne dabam ake gasa shi. Matsalar ita ce ganye bai taɓa zuwa iri ɗaya shekara biyu a jere ba, mai saye kuma so yake na bana ya yi daidai da na bara. Ga kuma 'yan cuta, don wuta tana rufa asiri. Mutum zai ɗauko ganyen da ya tsufa a sito ya babbake shi, wani har ruwan suga yake yayyafawa don ya yi sheƙi. Ƙanen Lam ne ke aiko mana kaya, uwa ɗaya uba ɗaya, amma kowane buhu sai mun dafa mun ɗanɗana. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce ƙanensa mutumin kirki ne, ganyen ne bai san halinsa ba.

Doka ɗaya ce ba a wasa da ita: ƙamshi ba ya shiga ɗakin wuta. Busasshen ganye ɓarawo ne, duk abin da ke iska sai ya ɗauka, albasa, sabulu, man shafawa, fetur. Ni Bahaushe, a ce in bar turare, kun san ba ƙaramin abu ba ne. Muka daidaita da Lam cewa ranar Juma'a kawai zan shafa, kuma daga masallaci gida zan wuce, ba na komawa wurin aiki sai Litinin. Tufafin aikina ma a rumbun nake barin su, ba sa zuwa gida. Haka muka yi shekara da shekaru ba a taɓa jin kanmu ba.

Mugunyar shekarar ta zo ne bayan annobar nan da ta kashe wa mutane hanci. Lam ya tashi daga ciwon, amma jin ƙamshinsa bai dawo duka ba, gwiwa kuma ta hana shi tsayuwa. 'Yarsa Helen, haifaffiyar nan, ta karɓi ragamar ofis, ni kuma gashi da haɗi duk suka dawo hannuna. Babbar mai sayenmu wata mata ce mai gidan shayi a Birmingham. Sauran masu saye a liƙaƙƙiyar leda muke aika musu, ita kuwa ta ce a kawo mata ɗanyen gashi, wanda bai daɗe da sauka daga wuta ba, a jakar takarda, ita za ta hutar da shi a tulunanta. Ita ce ta bugo waya ta ce shayinmu turare yake yi. Muka ce ko tulunta ne. Kaya na gaba ta dawo da shi, na bayansa ma haka, ta ce in aka sake sau ɗaya ta bar mu har abada.

Muka zauna mu uku a teburin gwaji da jakar da ta dawo da ita. Ku saurara nan, don haka ake dafa ulong ko ba rigima. Ruwa ya tafasa sosai, ba mai ɗumi ba. Ka zuba shi a ɗan kwanon tangaran mai murfi ya yi zafi, ka zubar, sannan ka zuba ganye da hannu sake, ba tsunkule ba. Ka rufe, ka girgiza, ka buɗe ka shinshina tun kafin ruwa ya taɓa shi. Ruwan farko wanka ne, yana shiga kake tsiyaye shi. Na biyu shi ne shayi, kuma ba a barin sa ya jiƙu kamar kanwa, 'yan numfashi kaɗan ka juye shi duka, kada ɗigo ya rage a kan ganyen. Haka za ka yi ta ƙara ruwa kana ɗan tsawaita jira, ganye ɗaya ya ba ka kofi bayan kofi, kowanne da bakinsa. Ba suga, ba madara, ba citta. Mu masu gwaji ba ma zubar da ruwan wankan, a gefe muke ajiye shi, don shi ke fara tona asiri.

Ina ɗaga murfin na gane ƙamshin. Sandal ne da kajiji, turaren wuta irin wanda matanmu ke turara ɗaki da shi. Lam ya kai hanci ya girgiza kai, shi ba ya jin komai sai gashi. Helen ta ji, ta ce wannan wane irin abu ne. Da na yi shiru da ya fi mini sauƙi, amma na ce na san shi, na mutanenmu ne, sai dai ba nawa ba ne. Ta dube ni ta ce, "Isiyaku, a ginin nan kaf wa ke da mutanen da ke ƙona wannan in ba kai ba?" Na ce sauran masu saye ai ba su yi ƙorafi ba, kuma hannuna ɗaya ne ya gasa duka. Ta ce masu gidan abinci ne, ko ruwan wanki ka ba su za su zuba wa mutane. Ban ga laifin lissafinta ba, ni ma da haka zan lissafa. Ta yanke cewa in koma ɗaukar kwali, mahaifinta zai lallaɓa ya gasa kaya na gaba da kansa. In ya isa Birmingham lafiya, an san inda ciwon yake. Lam bai ɗago kai ba, kuma wannan ya fi maganar Helen yi mini zafi.

Ruwa ba ya tsami banza. Na fara zargi daga gidana, na zazzage ɗakin matata har muka yi faɗa. Na zargi kamfanin kwali. Na zargi matar Birmingham da neman hanyar rabuwa da mu. Na zargi ruwan garinsu, sai na tuna kusan iri ɗaya ne da namu, kuma ruwa ba ya zuwa da sandal. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ƙamshin ya cika ruwan wanka, amma zuwa kofi na baya-baya ya kusa ɓacewa. Abin da ya shiga ganye a kan wuta yakan zauna har ƙarshe. Wannan a bayan ganyen ya kwanta, ke nan bayan ya bar hannuna ya same shi. Tsakanin hannuna da tulun matar nan kuwa mutum ɗaya ne, direbanmu Ɗanjuma.

Ɗanjuma mutumin Kumasi ne, a Birmingham yake zaune, kuma ni na kawo shi wurin Lam na tsaya masa. Yakan ɗauki kaya a motarsa ranar Alhamis da rana, ya kai wa matar Juma'a da safe. Ban so zuciyata ta je kansa ba, amma ta je. Ranar Alhamis da aka loda ganyen da Lam ya gasa na ce masa zan bi shi in gaida wani mara lafiya. Duk hanya yana ba ni labarin ƙwallo, ni kuwa ina shinshina kujera, ina shinshina rigarsa, kamar karen 'yan sanda. Ban ji komai ba sai dizal da lemon zaƙi, har na fara jin kunya.

Muka isa gidansa bayan la'asar, sai na ga ya buɗe bayan mota yana sauke kwalaye. Na ce ina za a kai su? Ya ce, "Ai tun last year ake fasa van a layin nan, ba na barin kayan mutane a waje." Muka jera su a falon baƙi. Matarsa Hajiya Falmata, 'yar Maiduguri, ta kawo mini abinci har da farfesu, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ta ba ni kwalbar turaren wuta haɗin hannunta in kai wa matata tsaraba. Ina cikin wanke hannu sai ga ta da kasko yana hayaƙi, da wani babban mayafi a kafaɗa. Ta nufi kwalayen kai tsaye.

"Hajiya, dakata! Me za ki yi?"

Ta tsaya tana kallona da mamaki. "Turara su zan yi mana, Malam. Kayan amana ne, ai ba a barin su su kwana da warin mota. Kowane daren Juma'a haka nake yi, har mayafi nake rufa musu don ya kama sosai. Mai tsadar ma nake zuba musu, ba na kasuwa ba."

Ba zan ɓoye muku ba, a tsayen nan lissafi ya zo mini. In na bar ta ta rufa mayafin, gobe matar gidan shayi za ta dawo da kayan da ban taɓa ba, in wanku ba tare da na buɗe baki ba. Amma ganye ne da tsoho ya gasa yana dafe da gwiwa, kuma matar ta ce wannan ne na ƙarshe. Ban san lokacin da na sungumi kwali na yi waje da shi ba. Muka kwashe su duka zuwa gidan maƙwabcinsa Bature, inda ba abin da ake ƙonawa sai burodi. Da na yi wa Hajiya bayani ta ajiye kaskon a ƙasa, ta ce, "Da na san ganyen ba ya son mutunci, ai da na bar shi a gareji da tayoyi." Ta shige ciki, ba ta sake fitowa ba.

Ɗanjuma ya raka ni tashar jirgin ƙasa. A mota ya kama hannuna. "Malam Isiyaku, ka rufa mini asiri don Allah. Contract ɗin nan shi ke riƙe da gidan nan. Daga yau ba za a sake ba, complaint zai tsaya, kowa ya manta."

"In ya tsaya yanzu, ni aka kama, Ɗanjuma. An cire ni daga wuta, kaya ya zo lafiya. Me kake so su ce?"

"Kai ai sun san ka. Ba za su yi sacking ɗinka ba, kwali za ka ci gaba da ɗauka, albashi ɗaya ne."

"Ba albashin ba ne."

"To mene ne? Ka ci abincinmu fa yau."

Na ce ya je da kansa ya faɗa wa Helen kafin Litinin, ni kuma zan tsaya masa kamar yadda na tsaya a farko. Ya ce zai duba.

Juma'a da safe matar Birmingham ta bugo tana yabo, ta ce wannan ne ƙamshin shayin da ta sani. Helen ta sa aka cire rigar aikina daga ƙusar ɗakin wuta aka ninke mini ita a kan benci. Na jira Asabar, na jira Lahadi, Ɗanjuma bai kira kowa ba, wayata ma ya daina ɗauka. Litinin na zo da kwalbar tsarabar Hajiya a aljihu. Ban shiga da ita ginin ba, na roƙi Helen ta fito wurin ajiye motoci da ragowar jakar da aka dawo da ita. Na buɗe kwalbar, ta shinshina wannan, ta shinshina wancan, ta tambaye ni daga ina. Na faɗa mata komai. Kyautar da mace ta ba ni da hannu biyu, da ita na kafa shaida a kan mijinta, kuma har yau in na tuna sai na ji nauyi.

Na roƙar masa iya roƙo. Na ce ba mugunta ba ce, girmamawa ce, a wurinmu haka ake karrama kayan baƙo. Lam ma ya sa baki, ya ce wanda ya aika ɗanyen gashi a takarda ya kwana a gidan da bai taɓa shiga ba shi ma yana da nasa laifin. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Helen ta ba ni haƙuri a gaban mahaifinta, ta mayar da rigata kan ƙusa da hannunta, amma ta ce ba za ta iya riƙe direban da aka ba shi dama ya faɗi gaskiya ya yi shiru ya bar wani a ciki ba. A makon ta ɗauki kamfanin dako, kaya ya daina kwana a hanya.

Labari ya riga ni isa Birmingham, kuma ba yadda ya faru ya isa ba. Abin da mutanenmu suka ji shi ne Isiyaku ya ci tuwon mutum, ya karɓi tsarabar matarsa, ya je ya kai shi ƙara wurin 'yan Chana. Na yi ta aika masa saƙon wuraren da ake neman direba, bai amsa ko ɗaya ba. Daga baya na ji ya koma tuƙin tasi.

Sai bayan Babbar Sallah muka haɗu, a wani taron suna a can Birmingham, zaure cike da mutanen da suka san mu duka. Na ratsa su na je inda yake, na yi sallama na miƙa masa hannu. Ya amsa sallamar, don ba ya da yadda zai yi, amma ya mayar da hannuwansa baya ya ce, da ƙarfin da kowa zai ji, "A'a, Malam Isiyaku, na shafa turare. Kada in ɓata maka hannu ka rasa aikinka."

Na tsaya da hannuna a miƙe har na ji ya yi nauyi, sannan na sauke shi. Ban jira rabon goro ba, na kama jirgin yamma na dawo Manchester, don washegari akwai ganyen da zan ɗora a wuta.